Ku Tambayi Mama: An Kashe Murya, Hoto Na Nan

Wasiƙun wannan wata kamar masu su sun haɗa baki. Huɗu a cikinsu duk a kan talabijin suke, shi ya sa na tara su wuri guda, sauran kuma sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Na rage tsawon wasu, na cire sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Mama, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Shekarata 11 da aure, 'ya'yanmu uku: babbar tana da shekara 9, mai bi mata 6, autan bai cika biyu ba. Talabijin ɗinmu tun safe ake kunna shi, ba ya hutawa sai mun kwanta. Yara su dawo daga makaranta su zube a gabansa, Babansu ya dawo daga aiki ya karɓi rimot, daga labarai sai ƙwallo har tsakar dare. Sujadar iyali da muka fara aure da ita ta koma jefi-jefi, ran da aka yi ma a gurguje ake yi. Na ce masa mu sayar da shi, ya ce na cika tsanani, wai mutum ya wuni yana wahala ba zai huta a gidansa ba? Abin ya ishe ni, har na fara tunanin in ya fita aiki in kira wani ya zo ya ɗauke shi, in ya dawo duk abin da zai faru ya faru. Na yi laifi in na yi haka? — Uwar yara uku

AMSA: 'Yata, kada ki kira kowa. Bar akwatin nan inda yake tukuna, matso ki ji abin da ya same ni, don hanyar da kike shirin bi na taɓa tsayawa a bakinta.

Lokacin da yaranmu huɗu suke ƙanana, ƙarfe takwas na dare muke sujada. Wani dare ana buga wata ƙwallo da Babansu ya ƙwallafa rai a kanta, sai ya ce ba sai an kashe ba, a dai ɗauke murya. Aka kashe murya, hoto na nan. Muka rera waƙa baiti ɗaya, aka karanta aya biyu, muka sunkuyar da kai. Ana tsakar addu'a na ɗaga ido, ba don komai ba sai don in kama mai laifi. Ai kuwa na kama. Maigida ya haɗa hannuwa, leɓɓansa na motsi, idonsa na hagu a buɗe. Babban ɗanmu ko kunyar rufe ɗaya bai yi ba. Hasken akwatin yana ta wasa a goshinsu, kore, fari, kore. Nan take na fara shirya wa'azin da zan yi wa mutumin nan in yara sun kwanta, har ayoyina na tanada.

Sai aka zo kan autarmu, shekararta biyar a lokacin. Ta gode wa Allah don makaranta, don Baba da Mama, sannan ta ce, "Ya Uba, ka taimaki matar nan da mijinta ya kora, ka sa ta ga jaririnta, don Mama ta daina kuka." Babu mace irin wannan a danginmu, babu a majami'armu. A cikin wani wasan kwaikwayo mai dogon zango take, wanda ake farawa takwas da rabi, wanda saboda shi ni da bakina nake cewa "a taƙaita" duk sa'ad da addu'ar wani ta yi tsawo. Yarinya ta sha ganin hawayena a gaban akwati, ba ta taɓa ganinsu a wurin addu'a ba, ta kwashi damuwar ta kai wa Allah. Babansu ya ce amin da ƙarfi bai dube ni ba, kuma har ya koma ga Ubangiji bai taɓa tayar mini da maganar ba. Wa'azina dai na haɗiye abina. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

A wasiƙarki kin lissafa kallon yara, kin lissafa na Babansu. Amma kin ce tun safe ake kunna shi, alhali a lokacin duk sun fita. Wa yake kunnawa? Ba tsiya nake miki ba, 'yata, tambayar da aka yi mini ce ta bakin 'yar shekara biyar.

Ki fara da ƙirga. Ki ajiye takarda da biro kusa da talabijin na mako guda, duk wanda ya zauna ya rubuta lokacin da ya fara da lokacin da ya tashi, har da ke. A makon nan kada ki hana kowa komai, kada ki yi ko tsaki. Awa uku a rana, wadda gidaje da yawa ba sa ɗauka a bakin komai, awa 21 ke nan a mako, awa 1,095 a shekara, wato fiye da kwana 45, dare da rana ba runtsawa. Littafi Mai Tsarki kuwa, daga Farawa har Wahayin Yahaya, in aka karanta shi a bayyane ba da gaggawa ba, bai kai awa 100 ba. Namiji zai iya musu da matarsa har gari ya waye, amma da wuya ya yi musu da rubutun hannunsa.

Sannan ki ba shi gaskiyarsa, don yana da ita. Hutu ba zunubi ba ne. Yesu da kansa ya ce wa almajiransa su zo wurin da ba kowa su ɗan huta (Markus 6:31), ran da jama'a suka hana su sakat. In kika sa aka ɗauke akwatin a bayan idonsa, abin da zai ji shi ne ba shi da ta cewa a gidansa, daga ranar kuma magana ta tashi daga kan talabijin ta koma kan wane ne babba. Ko dai ya sayo wani, ko ya samo inda zai riƙa kallo a waje ya dawo miki sha biyun dare. Wanne kika zaɓa? Sujadar da aka ƙwato da ƙarfin tsiya kuma, yara za su tashi suna tuna ta a matsayin abin da ya haɗa iyayensu faɗa.

Ki roƙe shi ɗan ƙaramin abu wanda zai ji kunyar hanawa: rabin awa kowane dare, a kashe ɗungurungum, a zare daga soket. Shi zai zaɓi lokacin. Kada ki kai masa maganar ana tsakar wasa, ko ya shigo ko takalmi bai cire ba. In akwai shirin da ke kike mutuwar so, da shi za ki buɗe baki: "Baban yara, ni na haƙura da wancan, kai me za ka iya bar mana?"

Game da manyan yaran biyu, akwai wani gwaji da yake burge ni. Wani likitan yara a Jami'ar Stanford ta Amurka, Thomas Robinson, ya ɗauki makarantun firamare biyu a birnin San Jose. A ɗaya aka bar yara yadda suke. A ɗayar aka roƙi 'yan aji uku da aji huɗu su yi kwana 10 ba talabijin, ba bidiyo, ba wasan gem, daga nan kuma kowa ya tsaya a kan awa 7 a mako. Sakamakon da aka buga a 1999 ya nuna waɗanda suka rage kallo ba su tara ƙiba kamar takwarorinsu ba. Rahotannin da suka biyo baya suka nuna faɗa da zage-zage sun ragu a tsakaninsu, har nacin "saya mini wannan abin wasa" ya ragu. Wannan na ƙarshen dariya ya ba ni, don duk uwa ta san inda yaro yake samo sunan abin da bai taɓa riƙewa ba. Ki lura ba a ce musu har abada ba. An yanke na 'yan kwanaki don sabo ya saki, sannan aka auna wa kowa rabonsa. Yaron da ya san awa ɗaya gare shi yau, da kansa zai zaɓi abin da ya fi so ya bar tarkace.

Autanki shi ya fi ba ni tausayi. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa jariri da ɗan shekara ɗaya kada a zaunar da su gaban allo sam, 'yan shekara 2 zuwa 4 kuma kada su wuce awa ɗaya a rana, in ya gaza haka ya fi. Za ki ce ai ba kallo yake ba, wasansa yake a ƙasa. To, masu bincike a Amurka sun taɓa maƙala wa ƙananan yara 'yar na'urar naɗar murya a riga suna ƙirga kalmomin da suke ji a wuni. Suka tarar duk sa'ad da muryar talabijin take tashi a ɗaki, maganar da manya suke yi wa yaro sai ta ragu, gwarancin yaron shi ma ya ragu. Yaro daga bakin da yake amsa masa yake koyon magana, akwati kuwa ba ya amsawa.

Buɗe Maimaitawar Shari'a 6:6-7. Musa bai ce a ware wa yara awa guda ta darasi ba. Cewa ya yi a riƙa yi musu zancen maganar Allah sa'ad da ake zaune a gida, da sa'ad da ake tafiya a hanya, da lokacin kwanciya, da lokacin tashi. Cikin hira ke nan. Ki auna lokutan nan huɗu a gidanki: uku talabijin ya riga ya mamaye, na hanya kuma waya ta cinye. Paparoma John Paul na Biyu, a saƙonsa na 1994 kan talabijin da iyali, ya ce iyayen da suka mai da talabijin mai renon 'ya'yansu sun sallama matsayinsu na malaman farko. Ni ba 'yar Katolika ba ce, amma nan na ce amin.

Saura abin da ba wanda ya gaya mini. Bayan daren nan muka yi shawara da Babansu, muka amince za a yi mako biyu ba kallo, amma sai da ya sa na jira aka buga wasan ƙarshe. Muka ɗauke akwatin muka kai ɗaki, ya bar shatinsa a kan tebur, murabba'i fes a tsakiyar ƙura. Daren farko muka zauna, kujeru duk sun fuskanci wuri ɗaya, muna kallon shatin nan kamar masu zaman makoki. Ban taɓa sanin agogon bangonmu yana da ƙara haka ba. Sujada ta ƙare cikin minti 15, babban ya dube ni ya ce, "To, yanzu kuma me za mu yi?" Na rasa ta cewa. Dare na biyu yara suka yi dambe har da cizo. Na uku ni da Babansu muka yi namu, a kan wata magana da ta shekara tana jira, ashe hayaniyar akwatin ce ta danne ta. Ki shirya wa wannan. Talabijin yakan rufe ɓaraka, ran da aka ɗauke shi sai ta fito fili, kuma mutane da yawa a daidai nan suke cewa gara jiya da yau su mayar da shi.

Kin san misalin da Yesu ya ba da a Matiyu 12:43-45, na baƙin aljanin da ya fita, ya dawo ya tarar da gidan an share an gyara amma ba kowa, ya je ya kwaso bakwai da suka fi shi mugunta. Ban ce akwati aljani ne ba, zancen gidan da aka bari wofi nake. A zamanin nan ba sai an je da nisa ba: a kashe talabijin, kowa ya zaro waya ya shige ɗakinsa. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Gara ma talabijin, ko ba komai kin san abin da ake kallo. Saboda haka rabin awar nan ta haɗa da wayoyi, a tara su cikin kwando, taki a sama.

Mu abin da ya cece mu ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Dare na huɗu muka juya kujeru suka fuskanci juna. Muka ɗauki Bisharar Markus, mai sura 16, kowane dare sura ɗaya, don ita ba ta jan magana, daga wannan labari sai wancan. A sura ta biyu, ta shanyayyen da abokansa suka zuraro ta rufin ɗaki, yara suka ce sai sun kwaikwaya. Aka kwantar da autar a bargo, yayyenta uku da Babansu suka kama kusurwoyi, saura ƙiris su yar da ita don dariya. Da muka kai sura ta huɗu, ta hadiri a teku, Babansu ya yi shiru, can ya ba mu labarin yadda kogi ya kusa tafiya da shi yana ɗan shekara goma, wansa ya finciko shi ta wuyan riga. Shekara 14 ina aure da mutumin nan ban taɓa jin labarin ba. Mako biyu ya cika saura sura biyar, yaran da kansu suka ce a ƙarasa.

Akwatin ya dawo, amma bai koma kujerar mulki ba. Muka tura shi lungu, na ɗinka masa mayafi. Dokarmu guda ce: shiri ake kunna wa talabijin, ba a kunna shi don a ga me ake yi. Shiri ya ƙare, a kashe, a rufe. Ba ya shiga ɗakin kwanan kowa. Kada fa ki ɗauka mun zama tsarkakan sama. Duk shekara huɗu in gasar cin kofin duniya ta zo, mayafin nan hutu yake tafiya, ni ma har ihu nake yi.

TAMBAYA: Mama, ni saurayi ne ɗan shekara 18, ni ne babba a gidanmu. Bara Babanmu ya dawo daga wani taron farkawa ya ɗauki talabijin ɗinmu ya kyautar, ya ce ƙofar Shaiɗan ce, duk Kiristan da yake ajiye da shi bai tuba da gaske ba. Ni abin bai dame ni sosai ba, amma ƙannena biyu kullum suna gidan maƙwabta, su ce aikin makaranta suka je yi. Na sani, Mamanmu ta sani, Baba ne kaɗai bai sani ba. Kallon talabijin zunubi ne? In faɗa masa ko in ja bakina? — Babban wa

AMSA: Ɗana, na so in tambaya, in ƙofar Shaiɗan ce, wane bawan Allah aka kai wa kyautarta? Amma wannan tsakanina da kai ne, kada ka maimaita a gaban Baba.

Babu ayar da ta ambaci talabijin, don sai a 1926 John Logie Baird ya nuna shi a Landan. Abin da Littafi ya yi magana a kai shi ne ido da zuciya. Dawuda ya ce ba zai sa abin banza a gaban idonsa ba (Zabura 101:3), kuma shi ɗin ne kallo ya kayar daga kan soron fadarsa, ba da akwati ba (2 Sama'ila 11). Ma'aunin da na fi riƙewa na Bulus ne a 1 Korantiyawa 6:12: komai halal ne a gare ni, amma ba komai ne mai amfani ba, kuma ba zan zama bawan komai ba. Wanda zai iya miƙa hannu ya kashe ana tsakar abin da yake so, ɗa ne. Wanda ba zai iya ba, ya binciki kansa.

Masu bi na gaske suna kowane ɓangare. Jama'ar Amish, wata ƙungiyar Kirista a Amurka, ba sa ajiye shi a gidajensu. David Wilkerson, yana fasto a wani ƙaramin gari a jihar Pennsylvania, ya sayar da nasa ya mai da awa biyun da yake kallo da dare lokacin addu'a. A irin wannan dare ne, a 1958, ya ga zanen wasu samari da ake yi wa shari'ar kisan kai a New York cikin wata mujalla, ya tashi ya tafi can, aikin da ya fara kuma shi ya haifi Teen Challenge, mai taimakon masu shaye-shaye a ƙasashe da dama. Marigayi Paparoma Francis ya faɗa a wata hira a 2015 cewa tun watan Yulin 1990 bai kalli talabijin ba saboda alkawarin da ya ɗauka, har sakamakon ƙwallon San Lorenzo, ƙungiyar da yake so, wani dogarinsa ne yake kawo masa. Amma bai mai da alkawarinsa doka a kan mabiyansa ba. Billy Graham kuwa shekara da shekaru ya yi yana wa'azi ta talabijin ga miliyoyin mutane. Wa za ka ce bai tuba ba a cikinsu? Romawa 14 don irin wannan aka rubuta: mai yi kada ya raina marar yi, marar yi kada ya hukunta mai yi.

Kada kuma ka ɗauka Baba rigima kawai yake ji. A 1973 wata malamar jami'a a Kanada, Tannis MacBeth Williams, ta sami wani gari a cikin kwari wanda talabijin bai kai ba tukuna, ta laƙaba masa suna Notel. Ita da abokan aikinta suka nazarci mutanen garin kafin ya iso, suka koma bayan shekara biyu. Suka tarar ture-ture da zage-zagen yara a filin wasa sun ƙaru, fita zuwa wasanni da tarurrukan gari kuma ta ragu, musamman ga dattawa. Abin da Baba ya hango akwai shi. Gidansa ne kuma, yana da iko ya ce babu, kai kuwa naka biyayya da girmamawa.

Inda na rabu da shi biyu ne. Ya yanke wa maƙwabtansa hukuncin da ba nasa ba. Ya kuma ɗauka da akwati ya fita aiki ya ƙare, alhali Yesu ya ce abin da yake ƙazantar da mutum daga cikin zuciya yake fitowa (Markus 7:20-23). Dubi inda kuke yanzu. Ƙannenka suna kallon abin da ba wanda ya zaɓa musu, sun ƙware a ƙarya, mutum huɗu a gida ɗaya suna ɓoye wa na biyar magana. Wannan ya fi kowane shiri ɓarna. Bulus da ya ce 'ya'ya su yi biyayya, nan take ya juya ya ce ubanni kada su tsokani 'ya'yansu su yi fushi (Afisawa 6:1-4).

Kada ka je masa kamar mai kai ƙara. Ka fara da ƙannen, ka gaya musu daga yau ba za ka ƙara rufa wa ƙarya asiri ba, ka ba su 'yan kwanaki. Sannan ka sami Mamanku, don ita ya kamata ta buɗe maganar, kai ka zauna a gefe. Kada ku ce a dawo da talabijin. Ku tambaye shi abin da Wilkerson ya riga ya amsa wa kansa: "Baba, awannin nan da aka ƙwato, me za mu zuba a ciki?" In har za a je gidan maƙwabta, a je da saninsa, a rana sananniya, don shiri sananne. In ya ƙi saurara, akwai dattijon ikkilisiyar da yake jin nauyinsa, Mamanku ta san ko wane ne.

TAMBAYA: Mama, mu tashoshin wa'azi kaɗai muke kallo, safe har dare. Yanzu maigidana ya ce ba lalle sai mun je majami'a ran Lahadi ba, tunda masu wa'azin akwati sun fi fastonmu iya magana. — Wata 'yar'uwa cikin Ubangiji

AMSA: 'Yar'uwa, ki tambaye shi ran da aka kwantar da shi a asibiti wanne a cikinsu zai zo dubiya. Ibraniyawa 10:25 ta ce kada mu bar taruwa, dalilin da ta bayar kuwa shi ne mu ƙarfafa juna. Akwati ba ya sanin ran da kujerarka ta zama wofi, ba ya tsawata maka, ba ya neman ka yafe wa wanda ya taka ka a bakin ƙofa. Ga marar lafiya da tsohon da ƙafa ta ƙi, jinƙai ne babba. Shi ya sa ma a 1958 Paparoma Pius na 12 ya danganta talabijin da Clare ta Assisi, wadda aka ce ciwo ya hana ta zuwa sujadar Kirsimeti ta gan ta daga kan gadonta. Maigidanki ƙafarsa lafiya lau.

Kuma ba duk mai riƙe da Littafi a allo ne za a buɗe wa kunne ba. Mutanen Biriya har Bulus sai da suka bi maganarsa da binciken Littattafai kowace rana (Ayyukan Manzanni 17:11). Wanda ya ce a turo kuɗi kafin albarka ta sauka, ku karanta amsar da Bitrus ya ba Saminu mai sihiri a sura ta 8, ku canza tasha. Wa'azi awa goma a rana kuma, yaushe za a aikata ko ɗaya?

TAMBAYA: Mama, mun rage kallo a gidanmu saboda yara, abin yana tafiya daidai. Sai surukata ta dawo wurinmu bayan rasuwar Baba. Tun safe tana falo gaban talabijin, ba ta ko zaɓen shiri, yara kuma sun fake da ita sun koma gidan jiya. Ina jin nauyin yi mata magana. — Matar ɗa

AMSA: 'Yata, jin nauyin nan naki daidai ne, ki riƙe shi. Dokar da aka yi wa ɗan shekara bakwai ba a ɗora wa gwauruwa mai shekara saba'in.

Kin ce ba ta zaɓen shiri. Ai ba kallo take ba. Wannan na san shi ciki da waje, don yanzu ni ce tsohuwar. Yaran nan huɗu duk sun watse gidajensu, Babansu ya riga ni. Mayafin da na ɗinka yana nan, ya koɗe, amma akwai daren da nake yaye shi in kunna ko me ake yi, in shiga ɗaki in bar ƙofa a buɗe, don kawai in ji muryar mutum a gidan. Shekara arba'in kana jin tarin wani a ɗaki, rana ɗaya a ce babu. Muna zargin iyaye da mai da talabijin mai renon yara, ba mu cika lura da cewa haka muke yi wa tsofaffinmu ba.

Kada ki kai shi ɗakinta ki rufe ta da shi, wannan kora ce cikin ladabi. Yaran kuma ki gaya musu a fili cewa na Kaka daban, nasu daban, rabonsu bai ƙaru ba. Yara suna gane irin wannan in an faɗa musu ba da faɗa ba. In akwai abin da za a faɗa mata, ɗanta ne zai faɗa, ba ke ba.

Ke naki, ki sami shiri ɗaya a rana ki zauna kusa da ita, ki riƙa tambayarta wane ne wannan, me ya yi wa waccan. In ya ƙare ki ce, "Mama, in kashe mu ɗan taɓa hira?" Ki sa mata aiki a hannu wanda ba na wahala ba, ta ji ana bukatarta. Lokacin sujada kuma ki tura ƙaramin jikan da littafin waƙoƙi ya ce, "Kaka, wace waƙa ce Kaka namiji ya fi so?" Mai yiwuwa ta yi kuka, ku bar ta ta yi, ku rera da ita har baiti na ƙarshe. Ki rubuto mini wata mai zuwa ki gaya mini wadda ta zaɓa.